Tambayi Anti Koci: "Na Biya Kuɗin Wata Uku, Sau Biyu Kacal Na Je"

Wasiƙun wannan watan kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato ajin motsa jiki na taro, irin wanda koci ke tsayawa a gaba yana ƙirge, mutum ashirin ko talatin suna binsa. Ban yi mamaki ba. Duk bayan Babbar Sallah haka akwatina yake cika, an ci soye an ci tuƙa, an ɗauko ɗinkin Ƙaramar Sallah ya ƙi shiga. Na zaɓi guda bakwai. Baiwar Allahn da ta tambaye ni maganin ƙarin ƙugu kuma ta yi haƙuri, wannan ba layina ba ne.

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 38, 'ya'yana huɗu, nauyina kilo 96. Na biya kuɗin wata uku a wani gidan motsa jiki na mata a unguwarmu, amma sau biyu kacal na je. Ranar farko ina can baya ina haki, 'yan mata sirara suna ta tsalle kamar ba ƙashi a jikinsu. Koci ta ce dama, ni na yi hagu. Gani nake kowa ni take kallo ta madubi. Ko dai in haƙura in sayi keken motsa jiki in ajiye a ɗaki?
*Uwar 'ya'ya huɗu, Zariya*

Wa alaikumus salam ƙanwata. Don Allah kada ki sayi keken nan. Gidaje nawa na shiga na tarar da shi a kusurwar ɗaki an rataye masa hijabai da tawul, wani gidan ma yara sun mayar da shi doki. Keke ba ya buga waya ya ce yau ba mu gan ki ba, lafiya dai ko? 'Yan ajinku su ne za su yi miki haka, kuma wannan kiran shi ne rabin abin da kika biya wa kuɗi.

Ajin taro kamar adashi yake. Kuɗin da kika ce za ki riƙa tarawa a gwangwani a ƙarƙashin gado, kin san yadda yake ƙarewa, yau kuɗin Maggi, gobe kuɗin anko. Amma in adashi ne, ko ana ha-maza-ha-mata sai kin nemo zubinki, don uwar adashi za ta aiko yarinya. To haka aji yake fitar da mutum daga bargo da asuba. Akwai wani Bajamushe mai nazarin halayyar ɗan Adam, Otto Köhler, da ya gwada 'yan wata ƙungiyar tseren kwale-kwale a Berlin a shekarun 1920. Ya lura cewa wanda ya fi kowa rauni, in aka haɗa shi aiki ɗaya da wanda ya ɗan fi shi, yakan jure fiye da yadda zai jure shi kaɗai. Sharaɗin shi ne kada ratar ta yi yawa. In ta yi yawa sai gwiwa ta yi sanyi, abin da ya same ki ke nan da kika tsaya kina auna kanki da 'yar shekara 19 da ba ta taɓa haihuwa ba. Ki nemi wadda ta ɗan fi ki kaɗan, ki maƙale mata.

Zancen madubi kuwa, bari in faɗa miki abin da ni nake gani, tunda duk ajin ni kaɗai ce fuskata ke kallon jama'a. Shekara goma sha ɗaya ina wannan tsayuwar. Wallahi kowacce tumbinta take kallo. Siririyar nan da kike ganin ta ƙware, damuwarta ita ce ƙafafunta sun yi kama da sillan kara. Babu mai lokacinki.

Ga yadda za ki koma. Ki riga kowa zuwa da minti goma, ki samu koci tana jona lasifika, ki ce mata ke sabuwa ce, kuma ki gaya mata duk inda yake miki ciwo. Kada ki sake tsayawa a layin ƙarshe. Sababbi duk can suke gudu don su ɓuya, alhali daga can ba a ganin ƙafar koci, sai dai ki riƙa kwaikwayon wadda ita ma kuskure take yi. Ki tsaya layi na biyu, daga gefe. Ƙafa za ki fara bi, ki bar hannu ya yi abin da ya ga dama, bayan mako biyu da kansa zai shigo layi. Kuma kowane motsi yana da ƙaninsa: in ana tsalle ke ki taka, in ana durƙusawa har ƙasa ke ki tsaya a rabi. Da nauyin kilo 96 ban yarda ki yi tsalle ba a makonni shidan farko, don duk dirar da kika yi gwiwa ce ke karɓar nauyin jikinki ninki-ba-ninki. Takalmi kuma kambas mai taushin ƙasa, ba silifas ba, ba safa zalla a kan tayil ba.

Ma'aunin wahala a bakinki yake. In kina iya amsa maganar ta kusa da ke amma ba za ki iya rera waƙa ba, kina daidai. In ko "lafiya lau" ta gagare ki sai a rarrabe, ki rage. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na irin wannan motsi matsakaici, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Aji uku na minti 50 sun kai ki 150 ɗin. Amma ke ki fara da biyu, ki cike da tafiyar ƙasa, ko da rakiyar yara Islamiyya ce da sauri-sauri.

Sikeli kuma ki yi masa yaji na wata guda. Abin da za ki fara lura da shi ba a kan sikeli yake ba. Wata ɗalibata, ta girme ki, bayan wata biyu ta zo min da murna har da ƙwalla, ta ce ta tashi daga zaman tahiya zuwa raka'a ta uku ba ta dafa ƙasa ba, abin da ta shekara biyar ba ta yi ba. A lokacin kilo ɗaya da rabi kacal ta sauke.

Anti barka da aiki. Ranar Asabar abokina ya ja ni ajin keke, minti 50 koci yana ihu muna murzawa. Ban taɓa yi ba, amma na ƙi yarda a fi ni. Yau Litinin ko matattakala ba na iya sauka, sallah ma a zaune nake yi. Abokina ya ce in koma yau in fasa tsamin. In koma?
*Ɗalibi, Kano*

Ɗana, na amsa maka tun ranar da saƙonka ya shigo, ina maimaitawa a nan ne saboda masu irin halinka suna da yawa.

Abin da na fara tambayarka shi ne launin fitsarinka, ka ce min fari ne tas, na ce alhamdu lillahi. Ga dalili. Wanda bai saba ba, in ya yi wa tsoka aikin ganganci a zama ɗaya, tana iya farfashewa ta zubar da wani sinadari a cikin jini wanda yake toshe ƙoda. Likitoci suna kiran abin rabdo a taƙaice, kuma ajin keke na ranar farko ya yi suna wajen jawo shi. Alamarsa fitsari ya koma kamar baƙin shayi ko Coca-Cola, cinya ta kumbura ta yi tauri, ciwon ya wuce misali. Wanda ya ga haka asibiti zai nufa a ranar, ba kemis ba. Kada ya kuskura ya sha diclofenac ko ibuprofen, don su ma ƙodar suke ƙara wa nauyi. Haɗarin ya fi yawa a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, musamman a ɗakin da aka ɗauke wuta fanka ta tsaya. Mai sikila, har ma da mai AS, ya gaya wa koci tun kafin ya hau, kuma kada ya yi wasa da ruwa.

Naka dai tsamin jiki ne na yau da kullum. Yakan yi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72, shi ya sa Litinin ta fi Lahadi zafi, sannan ya lafa da kansa. Ƙananan yagewa ne a cikin tsoka, in sun warke sai ta fi da ƙarfi. Maganinsa tafiya a hankali, ruwan ɗumi, barci, da abinci mai gina jiki. Komawa ka sake murza minti 50 a kan wannan ciwon, ba fasa tsami ba ne, fama miki ne.

Ni ma na taɓa yin irin taka, kada ka ji kunya. A 2013, bayan na yaye ɗana na uku, na shiga wani aji da ake hawa da sauka a kan ɗan akwati. Da yake na koyar da darasin motsa jiki a makarantar 'yan mata shekara da shekaru, sai girman kai ya kai ni layin gaba, na ɗora akwati biyu. Kwana uku ban iya tsuguno ba. Gidan surukata muka je suna a ƙauye, ka san irin masan can, sai da na roƙi wata yarinya ta kawo min kujerar tsakar gida na dafa. Har yau in matan gidan suka gan ni sai sun tambaye ni ya gwiwa.

Wanda ya ƙirƙiro ajin keken nan, wani ɗan tseren keke ne haifaffen Afirka ta Kudu da ake kira Johnny G, a Kalifoniya, ƙarshen shekarun 1980. Ya sa wa keken ɗan maɓallin murɗawa a gaban mahayi, mai ƙara nauyi ko rage shi. Maɓallin nan a hannunka yake, ba a hannun koci ba. In ya yi ihu a ƙara, ka taɓa shi kamar ka ƙara, babu mai zuwa ya duba. Ranar komawarka minti 20 ya ishe ka, ka sauka ka tsaya a gefe kana kallo.

Anti, a wurinmu koci tana sayar da ɗamarar roba da ake ɗaurawa a ciki don a yi gumi, da wani shayin rage teɓa. Ta ce in aka haɗa da aji cikin mako uku tumbi zai tafi. In saya?
*Amarya mai jiran gado, Gusau*

A'a 'yata. Gumi ruwa ne da gishiri, kina shan kofi biyu ya dawo. Kitse ba ya narkewa don an naɗe shi da roba, kuma jiki ba ya zaɓar wurin da aka matse ya fara ragewa daga nan. Shayin kuma, da yawansu filasko ne a cikin kwali mai kyau, gudawa zai sa ki, ki hau sikeli ki ga ya sauka ki yi murna, alhali hanjinki aka wanke. Kuɗin ki sayi kambas mai kyau, canjin ki sayi ƙwai da wake. Telan da ke ɗinka kayan bikin kuma ya auna ki yadda kike yau, Allah ya sanya alheri.

Hajiya, ina gaisuwa. Shekarata 57, ɗan kasuwa ne ni, ina da hawan jini da ciwon suga, ina shan magani. Likita ya matsa min in riƙa motsa jiki. Na leƙa wani wuri na ga yara matasa suna tsallen kwaɗo, wani yaro sa'an ɗana na uku yana daka musu tsawa. Gaskiya da girmana ba zan iya tsayawa yaro yana min ihu ba. Kuma ina tsoron kada in yanke jiki in faɗi. Mene ne shawara?
*Alhaji, Kantin Kwari*

Ina amsawa Alhaji, Allah ya ƙara girma. Tsoronka na biyu yana kan hanya, shi zan fara ɗauka.

Ajin da ka leƙa ba naka ba ne. Daga bayaninka irin wanda ake yi da agogo ne, daƙiƙa 20 na aiki iya ƙarfi, daƙiƙa 10 na hutu, sau takwas. Sunan wani masanin Japan ya ci, Izumi Tabata, wanda ya wallafa bincikensa a 1996, kuma asalin tsarin don 'yan wasan tseren ƙanƙara na ƙasarsu aka yi shi, ba don mai shago a Kwari da ya shekara talatin yana zaune a kan bandir ɗin shadda ba. Kai aji mai sauƙi za ka nema, na tafiya da sauri a kan injin, keke marar nauyi, ɗaga ƙaramin ƙarfe, tashi da zama a kan kujera.

Kafin ka biya ko sisi, ka koma wurin likitanka ka ce masa ga abin da kake shirin shiga, ya rubuta maka iyakarka a takarda, ka miƙa wa koci. Kocin da ya karɓi takardar ya ajiye bai karanta ba, ka karɓi kuɗinka. Na'urar awon hawan jini ta gida kuma ka mallake ta. Duk safiyar da ka auna ka ga 180 bisa 110 ko sama, ranar ba ranar aji ba ce, ranar ganin likita ce. Maganinka ka sha shi a kan lokaci, kada wani ya ruɗe ka cewa motsa jiki ya maye gurbinsa.

Abu biyu nake yawan gyara wa masu hawan jini. Na ɗaya riƙe numfashi. Mutum zai ɗaga abu mai nauyi sai ya cije ya kumbura kumatu, a wannan lokacin jini yakan yi tsalle sama. Ka fitar da iska lokacin da kake ɗagawa, in ya so ka riƙa ƙirge a bayyane, mai ƙirge ba ya iya riƙe numfashi. Na biyu tsayawa cak. Ana gamawa sai mutum ya zabura zai tafi buɗe shago, jiri ya kwashe shi a bakin ƙofa. Minti biyar ɗin ƙarshe da ake tafiya a hankali ana miƙe gaɓoɓi, kada ka yanke su. In kuma cikin magungunanka akwai atenolol ko danginsa, agogon hannu mai ƙirga bugun zuciya zai yaudare ka, don maganin yana danne bugun. Da maganar baki za ka auna, kamar yadda na gaya wa 'yar Zariya a sama.

Suga kuma, in allurar insulin kake yi ko kana shan glibenclamide, motsi yana iya faɗar da shi ƙasa da 70 mg/dL a na'urar awon suga. Za ka ji rawar jiki, gumi mai sanyi, gani ya dushe. Kada ka shiga aji da wofin ciki, kuma dabino uku su zauna a aljihunka kullum. Da dare ka cire safa ka duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, don sabon takalmi yana iya ji wa mai suga ciwo bai sani ba. Ciwon ƙirji, ko nauyi da ke hawa muƙamuƙi ko hannun hagu, ko haki da ya wuce na aikin, wannan a tsaya nan take a nufi asibiti, ba a tsaya a huta a ci gaba ba.

Sai zancen girma. Alhaji, wanzamin da ke maka aski na tabbata bai kai ka shekaru ba, amma in ya ce sunkuyo sai ka sunkuya, kuma hularka ba ta ragu ba. Sai dai ina tare da kai a kan tsawa. Ihu ba koyarwa ba ne, yawanci kocin da ba shi da abin faɗa ne yake cike gurbin da maƙogwaro. Mafita ita ce ka tara sa'o'inka. A layinku kaɗai na san ba za a rasa mutum shida masu irin takardar likitanka ba. Ku je tare ku ce kuna son awa guda taku bayan sallar asuba, masu gidan ba za su ƙi ba, lokacin injinan suna zaune ne kawai. Kafin hakan ta haɗu, ka fara da zagaye a Filin Sukuwa da sassafe, za ka tarar da dattawa irinka da carbi a hannu suna taku.

Anti don Allah ki ba ni shawara. Ina son shiga aji amma maigida ya ƙi. Ya ce wuraren nan kiɗa ne da rawa, maza suna shiga, kuma ana ɗaukar mata a waya a sa a TikTok. Ni kuma gwiwata da bayana sun dame ni, daga ɗaki sai kicin.
*Matar aure, Bauchi*

Ƙanwata, maigidanki bai yi ƙarya ba, akwai wuraren da suke haka. Ni da kaina na taɓa ƙwace waya a hannun wata ɗaliba na sa ta goge bidiyo a gabana, tun daga ranar kwando nake ajiyewa a bakin ƙofa, kowa ta jefa wayarta ta ɗauka in an tashi. Don haka kada ki tsaya musu da shi, sharuɗɗansa za ki ɗauka ki je ki nemo wurin da ya cika su. Ki tambaya: lokacin mata, ana rufe ƙofa? Koci mace ce, ko namiji ne yake leƙowa wai gyaran inji? Akwai kyamara a bango, wa yake kallonta? Mece ce dokarsu a kan waya? In amsoshin sun gamsar da ke, ki ce ya kai ki da kansa ya ga wurin, ya gaisa da mai shi. Maza da yawa abin da ba su gani ba ne yake tayar musu da hankali.

Kiɗa kuma ya danganta da ajin. Zumba rawa ce tun asalinta, wani ɗan Kolombiya mai suna Beto Pérez ya fara ta a shekarun 1990, in an cire kiɗan babu abin da ya rage. Wannan ki bar ta. Amma Pilates, wanda yake dacewa da mai ciwon baya, a kan tabarma ake yinsa da ƙirge da numfashi. Ajin ɗaga ƙarfe shi ma ba ya buƙatar ko ganga. Hukuncin kiɗa na malamai ne, ni ba na fatawa. Abin da na sani kuma kowa ya sani shi ne hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya ce wannan a madadin waccan. Ki karanta masa shi da murmushi, ba da sigar gardama ba.

In duk da haka ya ce fita ce ba ya so, ajin ya zo gida. Nawa ajin a garejin wata maƙwabciya ya fara, mu bakwai, bayan yara sun tafi makaranta. Ba mu da ƙarfe ko ɗaya, robobin ruwa muke cikawa, lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ku haɗa kuɗi ku ɗauko koci mace sau biyu a mako. Gwiwar kuma, in tana kumbura ko tana maƙalewa, likitan gashin ƙashi ya fara ganinta kafin koci.

Anti, an yi min tiyata na haihu, jibi zan yi arba'in. Cikina ya ƙi komawa. Zan iya komawa ajinmu mako mai zuwa?
*Mai jego, Katsina*

Barka da arziki, Allah ya raya. Ki dakata 'yata. Arba'in ta wanka ce da komawa ɗaki, ba ita ce ta ɗinkin tiyata ba. Ki je awon mako shida likita ya duba ki ya sallame ki, sannan ki fara da tafiya da motsin matse ƙasan mara. Tsalle da gudu da ɗaga nauyi sai bayan wata uku, in komai lafiya. Wannan motsin na kwanciya a riƙa tasowa zaune, wanda kowa ke ruguwa gare shi don tumbi, yana iya ɓata wa mai jego ciki. Ki kwanta rigingine, ki ɗan ɗago kai, ki danna yatsu a saman cibiya. In kin ji rami da yatsu biyu ko fiye suke shiga, tsokar cikin ba ta gama haɗewa ba, kuma motsin yana iya ƙara buɗa ta.

Tunda kina cikin wankan jego, ga wata magana da ta fi tumbi muhimmanci. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego a ƙasar Hausa, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wanka da kwanciya a kan gadon wuta. In ƙafafunki suna kumbura, ko numfashi yana sarƙe miki in kin kwanta, ko tari ya dame ki da dare, ki gaya wa likita yau, kada Gwaggo ta ce miki sanyi ne a ƙara kanwa.

Malama, wani sabon gidan motsa jiki ya buɗe kusa da ofishinmu. Sun ce wanda ya biya na shekara za a yafe masa wata uku. Ya zan gane wurin kirki ne?
*Ma'aikacin banki, Kaduna*

Ɗan'uwa, kai da kake aikin banki ai ka fi ni sanin dalilin da ya sa mai sabon kasuwanci yake son kuɗin shekara a dunƙule. Na taɓa biyan irin wannan a wani wuri, wata huɗu na je na tarar da kwado a ƙofa, bayan mako biyu an mayar da wurin ɗakin taron biki. Wata ɗaya za ka biya, kuma kafin nan ka ce a bar ka ka shiga aji ɗaya na gwaji, a daidai lokacin da za ka riƙa zuwa. Wuri da ƙarfe goma na safe daban, da ƙarfe shida na yamma daban.

A ajin gwajin koci za ka zuba wa ido. Ya tambaye ka ciwo ko magani kafin a fara? An ɗumama jiki, ko daga shigowa sai tsalle? Yana zagayawa yana gyara wa mutane tsayuwa, ko yana gaban madubi yana kallon ƙwanjinsa? In wani ya gaza, sauƙaƙa masa yake yi ko dariya yake sa a yi masa? Ka tambaye shi inda ya koyi aikin, babu rashin kunya a ciki. Akwai waɗanda suka karanta ilimin motsa jiki a jami'o'i irin ABU da BUK ko kwalejojin ilimi, akwai masu takardar Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, akwai kuma wanda ƙirjinsa ne kawai takardarsa. Wanda ya ja ka gefe ya ce yana da allurar da ke fito da dantse cikin wata guda, ko sallama kada ka yi masa.

Saura ƙananan abubuwa da kan kori mutum a mako na uku. Mutum nawa ake cusawa a ɗakin, akwai tagogi, janareto yana ɗaukar fanka in an ɗauke wuta, akwai wurin sallah tunda ajin yamma yana cin magariba. Tafiyar kuma kada ta wuce minti goma sha biyar daga ofis ko gida, in ta wuce haka cunkoson Kawo kaɗai ya isa ya ba ka uzuri kullum. Jakar kayanka ta kwana a but ɗin mota, don in ka ce sai ka je gida ka canza, kujerar falo ba za ta sake ka ba. Kafin ka ciro katin ATM kuma, ka ce a nuna maka banɗaki, ka murɗa famfon ka gani ko akwai ruwa.